Ba-Latti da Tifar Yashi

A ɗakin wanki na wani asibitin kuɗi da ke tsakiyar gari, Ba-Latti ake ce mata. Maigadin ƙofa ne ya laƙaba mata sunan, don ya ce shi tun da ya kama aiki bai taɓa zare sakata da safe bai same ta tsaye da ledar kayanta a hannu ba. A gida kuwa Yaya ce a bakin kowa, har mijinta idan ya so tsokana haka yake kiranta. Doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya kamar ana binta. Hannayenta sun yi fari-fari sun tsattsage saboda sabulu, kuma idan ta kama hannun mutum sai ya ji kamar an sa shi a matsi.

Ita ta raini ƙaninta Auta. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita kuma tana ajin ƙarshe na firamare, sai ta ajiye littafi ta ɗauki goyo. Da wankau a gidajen ma'aikata ta ciyar da shi, ta yi masa sutura, ta kai shi koyon walda da hannunta, ta kuma gaya wa maigidan wajen cewa in ya ga dama ya dake shi amma kada ya bar shi da yunwa. Daga baya wata mata da take yi wa wanki ta sama mata gurbi a asibitin, ta shekara fiye da ashirin tana wanke zannuwan gado da tawul da rigunan tiyata.

Auta ya girma, ya sami aiki a wani kamfanin ƙera tankuna a gari mai nisa, ya daɗe bai waiwayo gida ba. A can, duk sanda hira ta kai ga dangi, sai ya gyara zama ya ce, "Ai yayata a asibiti take aiki." Bai taɓa ƙara bayani ba, ba a kuma taɓa tambayarsa ba. In ya kira ta a waya amsarta ɗaya ce: "Lafiya lau muke, kowa lafiya. Kai dai ka riƙa cin abinci."

Da ya sami hutu sai ya ce bari ya yi musu zuwan ba-zata. Ya sauka a tasha da jakarsa da tsarabarsa, ya nufi tsohuwar unguwarsu da ƙafa, yana ta murmushi shi kaɗai. Da ya sha kwanar layinsu sai ya yi turus. Babu gidan. Inda ɗakin Yaya yake, da igiyar shanyarta da randar ruwanta, yanzu shagon sayar da tayil ne mai ƙofar gilashi, gefensa kuma wajen gyaran waya. Ya koma bakin titi ya sake shigowa, ko ya yi ɓatan kai ne. Mai kantin kusurwa, wanda ya san shi tun yana yawo ba wando, shi ya gane shi.

"Auta? Kai ne ka zama ƙato haka? Wa kake nema, Yaya? Ai sun daɗe da tashi. Maigidan ya sayar, wanda ya saya ya rushe. Duk layin nan babu sauran mai kwana sai ni da ɓeraye. Suna can bakin kogi, wajen da ake ɗibar yashi."

"Bakin kogi? Ai can daji ne."

"A da ke nan. Je ka gani."

Ya hau bas har ƙarshen kwalta, ya hau babur har inda mai babur ya ce shi nan ya tsaya don yashi na cinye masa taya, sannan ya taka da ƙafa jaka a ka. Ya tarar da gari guda na gidajen bulo marasa shafe, wasu ko ƙyaure babu sai buhu. Ba famfo, ba asibiti, ba kasuwar kirki. Tsofaffi da ƙananan yara kawai ya riƙa gani, don duk mai ƙarfi yana cikin gari wajen nema.

Mijin Yaya ya samu zaune a inuwar katanga. Tsohon tela ne, idonsa ya yi rauni har ba ya iya zura zare, kekensa na cikin ɗaki an lulluɓe shi da zani ana ɗora kwanuka a kai. Da ya ji muryar Auta ya fashe da dariya.

"A'a, Injiniya! Ka ce yau muna da babban baƙo. Shigo, shigo, ka yi hankali da kanka, ƙofar tamu ba a yi ta don masu cin albashin kamfani ba."

Ɗaki ɗaya ne da ɗan rumfa. Katifa a ƙasa, akwatin ƙarfe, dutsen guga na gawayi, sai hoton 'yarsu da ke makarantar koyon jinya a wani gari, an manna shi a bango da ƙusa. Auta ya zauna a bakin katifa.

"Malam, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Yayarka ta hana. Ta ce kana can kana fama da naka."

Sai da rana ta yi ja sannan Yaya ta shigo, ƙura har gira. Ta ga Auta, ta saki leda, ta rungume shi tana faɗa tana dariya, wai ya rame, wai wane irin mutum ne zai zo ba sanarwa. Ba ta ko zauna ba ta hura wuta.

Washegari gari na wayewa ya ji motsinta. Ya ce zai raka ta bakin mota. Ta ce ya koma ya kwanta, gajiyar hanya ba ta sake shi ba. Ya nace. Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta ɗaure ɗankwali, ta ɗora wani tsohon zani a kan kayanta, ta ce, "To taho."

Ba hanyar babur suka bi ba. Gangarawa suka yi ta bayan gidaje zuwa inda hanyar kogi ke haurowa. A nan wani mutum ya gicciya igiya yana karɓar kuɗin yashi daga hannun direbobi, kuma kowace tifa dole ta tsaya. Mutane sun fi talatin a wajen, maza da mata, wasu da rigar aiki a leda, wani malamin makaranta da takalminsa a hannu. Auta ya ɗauka bas suke jira. Sai ga tifa ta hauro tana nishi, shaƙe da yashi mai danshi. Tana tsayawa mutane suka yi mata caa. Kafin ya gane abin da ke faruwa, ya ga yayarsa, mace da ta manyanta, ta cusa leda a ƙugu, ta taka taya, ta kama ƙarfe, wata mata ta miƙo mata hannu daga sama, ta haye. Ta tona ɗan gurbi a yashin ta zauna, ta ja zani ta rufe kai.

Auta ya saki baki. Tifar ta ja, Yaya ta ɗago masa hannu kamar wadda ke cikin jirgi, ƙura ta rufe su. Yana nan tsaye har mai igiya ya ce masa, "Malam, in hawa za ka yi ka matso, wata na tafe."

Ya juya ya koma gida. Tela ya ji shigowarsa, ya ce, "Ka ga motar ofis ɗin tasu?"

"Malam, wannan ba abin dariya ba ne."

"Na sani, Injiniya. In ban yi dariya ba me zan yi? Mota biyu ce zuwa, biyu dawowa. Mai ya tashi, kuɗin mota ya bi shi, albashin kuwa yana nan inda ka bar shi kamar an buga masa ƙusa. In ta ce bas za ta riƙa hawa, to direbobi take yi wa aiki, ba mu ba. Ga yarinya a makaranta. Masu tifa sun san su, suna sauke su a shataletale, ba sa karɓar ko sisi. Da yamma in an yi sa'a su dawo a wadda ta juye kaya. Wannan ta fi wuya ma, don ba yashin da zai tare maka ƙashi. In ba a samu ba, a taka."

Da yamma Auta ya tare ta. Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ya ce wannan ganganci ne, ya ce in ta faɗo fa, ya ce da wane ido zai kalli mutane. Ta bar shi ya gama, tana tsince shinkafa a faranti.

"Mutanen naka su suke ba ni kuɗin mota?" ta ce. "Ka ga waccan da ta ja ni sama? Shara take yi a banki. Wancan mai takalmi a hannu yara yake koyarwa. Akwai mai gadi, akwai mai dafa abinci a otal. Duk garin can da kake gani mai gilashi, mu muke buɗe shi da safe, kuma a kan yashi muke zuwa. Ba sata muka yi ba."

Ya shiga ɗaki ya ɗebo abin da ya zo da shi ya danƙa mata, ya ce na mota ne, ta yi masa alkawari. Ta karɓa ta sa masa albarka. Kwana biyu ta bi hanyar babur, Auta ya sami natsuwa. A rana ta uku ya ga sabon kwalin maganin ido a kan keken Tela, ya ga an cika buhun gawayi, ya kuma ji tana gaya wa 'yarta a waya cewa ta duba, an tura mata saƙo. Da safe ya yi kamar barci yake. Tana fita ya bi bayanta.

A wajen igiya ya cim mata, ƙafarta ɗaya a kan taya. Ransa ya ɓaci, ya kama ƙarfe ya haye shi ma, ya zauna kusa da ita yana huci.

"Alkawarin ke nan, Yaya?"

"Tunda ka hau, rufe bakinka kada ka ci yashi," ta ce, ta yafa masa gefen zaninta. Matan da ke wajen suka kwashe da dariya. Mai sharar banki ta ce, "Sannu da zuwa, ango. Kujerar gaba ce ka samu."

Abin da babu wanda ya lura da shi shi ne, direban ranar baƙo ne. Mai motar na ainihi zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ba wani ya yi masa lodi ɗaya. Shi kuwa da ya tsaya wajen igiya hankalinsa na kan canjinsa, rediyo na ta tsawa a cikin motar, madubin gefe ɗaya a fashe. Bai san ya ɗauki kowa ba.

Suka hau kwalta, iska na dukan fuska. Auta ya ƙanƙame ƙarfe, Yaya kuwa har gyangyaɗi ta fara. Da suka iso shataletale kowa ya tattara ledarsa, amma motar ba ta ko rage gudu ba. Ta zagaya ta miƙe wata hanya.

"Kai! Direba! An wuce da mu!"

Aka yi ta ihu, aka yi ta dukan ƙarfe, ƙarar inji ta haɗiye komai. Da aka zo wani tudun rage gudu, samari uku da malamin makaranta suka dire. Saura mata biyar, da wani dattijo mai gadi, da Auta. Ya rarrafa zuwa gaba yana buga ƙarfen da ke bayan kan motar da tafin hannu har ya yi ja. A banza.

"Ƙyale shi," in ji Yaya. "Ai dole ya tsaya inda zai sauke. Mu taka daga can. Yau dai na makara."

Motar ta shiga wani fili da aka kewaye da kwano, inda ake gina bene. Ta juya, ta fara ja da baya. Matan suka miƙe suna kakkaɓe zannuwa, suna jiran ta tsaya su sauka. Ta tsaya. Sai Auta ya ji wani gurnani a ƙarƙashinsa, ya ji ƙarfen da ya riƙe yana ɗagawa sama da shi.

Bai taɓa manta abin da ya gani ba. Yashin ya tsage ta tsakiya ya fara zamewa, a hankali da farko, sannan gaba ɗaya. Mai sharar banki ta tafi da baya hannuwa a sama. Dattijon ya kife. Yaya ta miƙo masa hannu, yatsunsu suka taɓa juna, ta wuce. Ƙyauren baya na ƙarfe ya buɗe ya dawo da ƙarfi, ya ji ƙarar da ya yi a kan wani abu da ba yashi ba. Shi kuwa yana reto a sama kamar rigar da aka shanya, yana kururuwar da bai san da bakinsa take fita ba.

Leburorin wajen ne suka fara gani. Suka zubar da kwanukan siminti suka rugo suna dukan ƙofar direba. Ya kashe rediyo ya leƙo a fusace, ya sauko ya zagayo baya. Da ya ga tulin yashinsa da kawuna da hannuwa suna motsi a ciki, sai ya dafe kai ya durƙushe a wajen, yana ta salati, ya kasa ko tashi. Shugaban leburorin ya fito daga rumfa da kofin shayi a hannu, ya tsaya kamar an dasa shi, ya ce, "Ni yashi na ce a kawo mini. Waɗannan daga ina?"

Auta ya saki ƙarfe ya zamo ƙasa. Wani ya kawo shebur, ya ture shi, ya shiga tono da hannu. Aka zaro matan ɗaya bayan ɗaya suna tari suna tofar da yashi. Dattijon ya fito da goshi a fashe. Yaya ce ta ƙarshe, ta nutse har ƙirji. Da aka jawo ta, ƙafarta ta hagu daga ƙasan gwiwa ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙafar, ta kau da kai, ta ce wa mai sharar banki, "Duba mini ledata, rigar aikina na ciki."

Aka tsayar da tasi. Auta ya faɗi sunan asibitin da take aiki. Ta damƙe masa hannu.

"Kada ka kai ni can. Can ba namu ba ne. Kai ni gida a kira mai ɗori."

"Shekara nawa kina musu wanki?"

"Wanki na ce maka ina yi, ba kwanciya ba."

Bai saurare ta ba. Maigadin ƙofa ya leƙa tasi, ya ga wadda ke kwance a baya, ya ja da baya yana cewa, "Ba-Latti? Ke ce? Yau da ban gan ki ba na ce lafiya kuwa." A wajen karɓar marasa lafiya aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ta. Auta ya zazzage abin da ya rage masa, ya kira abokin aikinsa ya turo cikon, ya ajiye wayarsa da agogonsa jingina kafin kuɗin su iso. Aka kwantar da ita a gado mai farin zani, irin wanda ta wanke dubbai ba ta taɓa kwanciya a kan ko ɗaya ba. Sai ta riƙa ɗage jiki tana neman a shimfiɗa mata tsohon zaninta a ƙasa, wai yashi da jini wuyar fita gare su.

Shugabar ɗakin wanki ta hauro da gudu da ta ji labari. Mace ce mai faɗa amma ba muguwa ba. Auta ya gaya mata yadda aka yi, ta zauna a bakin gado ba ta sani ba.

"Tifa? Tifar yashi? Yau ne kawai ko?"

"Tun da muka tashi daga cikin gari," in ji Yaya.

"Innalillahi. Ni kuwa kullum ina ganin yashi a ƙasan ɗakin canja kaya, ina ta yi wa mai shara masifa." Ta rufe baki da hannu. Can ta ce, "Su sauran fa? Mai guga? Masu goge-goge?"

"Mai guga tamu ce, a tifar farko take zuwa. Sauran ban san ta tasu hanyar ba."

An yi aiki, an sa ƙarfe a ƙafar. Ta yi makonni a kwance kafin a sallame ta. Abin da ya fi ba Auta mamaki ma a unguwa ya same shi. Masu tifa sun ji tsoro, sun hana ɗaukar kowa, mai igiya ya sami bulala yana kora. Ya zaci mutane za su ce gara haka. Sai ya ji ana gunaguni a bakin rijiya, wai mutum ɗaya ya karye an ja wa gari guda tafiyar ƙasa. Wata mata ta zo dubiya, ta gaishe da Yaya da jiki, sannan ta ce, "Ki roƙa mana su mana, ke za su ji maganarki. Mijina an kusa korarsa saboda latti." Auta ya miƙe zai yi magana, Yaya ta harare shi ya zauna. Da ta fara takawa da sanda, da kanta ta je wajen igiya ta yi magana da direbobin. Suka koma ɗauka, da sharaɗin duk wanda ya hau sai ya leƙa ya nuna wa direba fuskarsa.

Ƙafar ta warke amma ta gajarta, ba ta kuma jure tsayuwa mai tsawo. Asibitin ya riƙe mata gurbinta na ɗan lokaci, shugabar ta yi iya ƙoƙarinta, daga baya aka ba ta ɗan abin sallama aka ɗauki wata. Auta ya wuce kwanakin hutunsa har aka yi masa barazanar kora. Ya roƙe ta su koma garin da yake aiki, ita da Tela. Ta ce ba inda za ta, yarinya ta kusa gamawa, kuma ita ba ta iya zaman a ba ta ba. Kafin ya tafi ya ari injin walda ya haɗa mata benci mai tsawo da wajen ɗora baho daidai ƙugu, don ta yi wanki a zaune, ya kafa mata turakun shanya na ƙarfe a bayan ɗaki.

Yanzu wankau take yi a gida. Direbobin tifa da masu lodin yashi su ne masu kawo mata kaya, sai ma'aikatan unguwar da ba sa samun lokacin wanke nasu. Tela ke hura gawayin guga yana ba ta labarin duniya, ita kuma tana ce masa ya yi shiru ya juya mata riga. Abin da take samu bai kai albashin da ba, amma ba ta ba kowa kuɗin mota. Ta ɗan yi ƙiba. Har yanzu gari na wayewa take farkawa, ta zauna a bakin katifa ta rasa abin yi, sai ta tashi Tela don kada ta zauna ita kaɗai.

Baƙon direban nan ya dawo layin yashi dindindin. Duk mako yana kawo mata wanki, har da kayan da ko datti ba su yi ba, ya haɗo mata da jarkokin ruwa daga cikin gari. Yakan ajiye a bakin ƙofa ya gaishe ta kansa a ƙasa. Ya taɓa miƙa mata fiye da kuɗin wankin, ta ware nata ta mayar masa da sauran, ta ce masa ya riƙa cire takardu daga aljihu kafin ya kawo, don suna ɓata mata ruwa.